Maganin shaƙa da lissafin kwamfuta: Wa ke biyan kuɗin binciken?

A kowace shekara idan hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, hazo kan rufe garuruwan Kankiya da Kusada da ke tsakiyar jihar Katsina, kamar yadda yakan rufe sauran sassan arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda ragowar wani tsohon tafki ne da ya ƙafe, kuma masana na ɗaukarsa a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura.

Ga mai lafiya, hazo tari ne da mura da tsagewar leɓe. Ga mai cutar asma kuwa, lokaci ne na kwana a zaune, ƙirji na kuka, numfashi na fita da ƙyar.

Abin da likita kan rubuta wa irin wannan majinyaci shi ne maganin shaƙa, wato ɗan kwanon nan da ake kira inhela. To sai dai wannan ɗan kwano yana da matsaloli biyu: yana da tsada, sannan mafi yawan maganin da yake fesawa ba ya isa huhu.

Matsalolin biyu ne suka sa wasu hukumomi a ƙasashen Yamma suke zuba kuɗi a wani fannin bincike da ya haɗa kwaikwayon tafiyar iska a kwamfuta da kuma fasahar koyon na'ura, wadda reshe ce ta ƙirƙirarriyar basira.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma cutar ta hallaka mutane dubu 455 a wannan shekara.

Hukumar ta ce galibin mace-macen suna aukuwa ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a cika gano cutar ba, kuma idan an gano ba a cika samun magani ba.

A Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa masu cutar sun kai kimanin miliyan 13.

Wani binciken kuma da jami'ar Queen Mary ta Landan ta jagoranta a makarantun birane shida na Afirka, ciki har da Legas da Kumasi, wanda aka wallafa a 2024, ya gano cewa mafi yawan ɗaliban da ke da alamun asma ba a taɓa shaida musu cewa suna da ita ba.

Wannan a manyan birane ke nan. Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne na manoma da makiyaya, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna suna da mutane kimanin dubu 150 da kuma kusan dubu 100. A gidaje da yawa da itace ko kara ake girki, kuma hayaƙinsa na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon ƙirji ga mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu.

Ina maganin yake zuwa?

An ƙirƙiro inhela mai fesawa ne a Amurka a 1956, a kamfanin Riker, bayan da 'yar shugaban kamfanin mai shekara 13, wadda ke da asma, ta tambayi mahaifinta dalilin da ya sa ba a zuba maganinta a gwangwanin fesawa irin na man gashi.

Salbutamol, maganin da ke buɗe hanyoyin numfashi cikin 'yan mintoci, an samar da shi ne a Birtaniya, aka kuma fara sayar da shi a 1969 da sunan Ventolin. Shi ne shuɗin kwanon da kusan kowane mai asma a Najeriya ya sani.

Hikimar shaƙa ita ce a kai magani kai tsaye inda ciwo yake, ta yadda ɗan kaɗan zai yi aikin da ƙwaya mai yawa za ta yi, ba tare da ya game jiki ba.

Amma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce.

Maganin kan fito daga kwano da gudu, ya shiga baki, sannan dole ya yi kwana mai tsanani a bayan harshe ya gangara maƙogwaro. Manyan ƙwayoyinsa ba sa iya wannan kwana, sai su daki bangon maƙogwaro su manne, daga bisani a haɗiye su.

Waɗanda suka tsallake sai su shiga bututun iska, wanda ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har sau 23 bisa taswirar huhu da masanin nan ɗan Switzerland, Ewald Weibel, ya fitar a 1963. A kowace mararraba wasu ƙwayoyin kan tsaya.

Ƙwayar da ke da damar isa can ciki ita ce wadda girmanta ke tsakanin maikiromita 1 zuwa 5. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen maikiromita 70. Idan ƙwayar ta fi haka girma ta tsaya a wuya, idan kuma ta yi ƙanƙanta ainun sai ta shiga ta sake fitowa tare da numfashi.

Shi ya sa a tsofaffin inhela masu fesawa, abin da ke isa huhu sau da yawa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Idan majinyaci bai daidaita danna kwanon da jan numfashi ba, wanda kuskure ne da ya zama ruwan dare hatta a tsakanin masu ilimi, abin yakan ragu ƙasa da haka.

Huhu a cikin kwamfuta

Ba shi yiwuwa a buɗe ƙirjin mai rai domin a ga inda magani ya sauka. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a cakuɗa maganin da wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, mutum ya shaƙa, sannan a ɗauki hotonsa. Hanya ce mai tsada, hotonta ba ya fayyace ƙananan rassa, kuma ba kasafai ake yarda a yi wa yara ba.

A nan ne injiniyoyi suka shigo.

Akwai ƙa'idojin lissafi da ke bayyana yadda ruwa da iska ke gudana, waɗanda aka sa wa sunan masana biyu na ƙarni na 19, Navier na Faransa da Stokes na Birtaniya. Da su ake zana fukafukan jirgin sama, da su kuma ake hasashen yanayi.

Mai bincike kan ɗauki hoton ƙirjin mutum da na'urar CT, ya sake gina siffar baki da maƙogwaro da rassan huhu a cikin kwamfuta, sannan ya yayyanka wannan siffa zuwa miliyoyin ƙananan ɗakuna.

Kwamfuta sai ta lissafa gudun iska da matsinta a kowane ɗaki, a kowane ɗan taƙi na daƙiƙa, tun daga fara jan numfashi har zuwa ƙarshensa. Daga nan a saki dubban ƙwayoyin magani na lissafi a bakin, a bi sawun kowace har inda ta manne.

Da wannan ana iya yin tambayoyin da ba za a iya gwadawa a kan mutane ba. Me zai faru idan aka ƙara faɗin bakin kwanon? Idan majinyaci yaro ne ɗan shekara huɗu fa? Idan hanyoyin iskarsa sun ƙuntata saboda ciwo ya taso, wato daidai lokacin da ya fi buƙatar maganin?

Aibin hanyar shi ne nauyinta. Numfashi guda ɗaya na iya cinye kwanaki ana lissafinsa a kan manyan kwamfutoci masu cin wuta, kuma ko da haka ba a iya bin dukkan rassan huhu har ƙarshe, sai dai a yi ƙiyasin na can ƙasa.

Koyon na'ura kuma fa?

Aikin koyon na'ura shi ne rage wannan nauyi.

Ana tara sakamakon lissafi masu yawa da aka riga aka yi, kowanne da siffar maƙogwaro daban, da ƙarfin numfashi daban, da girman ƙwaya daban, a ciyar da wata manhaja. Manhajar sai ta tsinto alaƙar da ke tsakanin waɗannan abubuwa da inda magani ke sauka.

Bayan ta koya, idan aka ba ta sabon majinyaci tana iya ba da amsa cikin daƙiƙoƙi, ba tare da sake dogon lissafin ba.

Ana kuma amfani da ita wajen rarraba majinyata. A jami'ar Iowa ta Amurka, ayarin Farfesa Ching-Long Lin ya yi amfani da hotunan huhun masu asma ya kasa su rukuni-rukuni bisa siffar hanyoyin iskarsu, sannan ya nuna cewa magani ba ya sauka iri ɗaya a rukunan.

A jami'ar Virginia Commonwealth kuma, Worth Longest da Michael Hindle sun shafe shekaru suna aiki kan wata dabara ta fesa ƙwayoyi ƙanana ƙwarai domin su tsallake maƙogwaro, sannan su tsotsi danshin da ke cikin huhu su kumbura su zauna.

Masu ba da kuɗi

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ɗaya daga cikin masu ɗaukar nauyin wannan bincike ba cibiyar kimiyya ba ce, hukumar sa ido ce, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, takwarar NAFDAC ta Najeriya.

Dalilinta kuwa shi ne farashi.

Idan wa'adin haƙƙin mallakar magani ya ƙare, wasu kamfanoni kan yi irinsa su sayar da araha. Ga ƙwayar haɗiya abin da sauƙi: a bai wa 'yan mutane kaɗan, a auna jininsu, idan adadin maganin ya yi daidai da na asali shi ke nan.

Maganin shaƙa ba haka yake ba, domin aikinsa a bangon huhu yake, ba a cikin jini ba. Saboda haka hukumar ta riƙa neman hujjoji hawa-hawa, ciki har da gwaji a kan ɗaruruwan majinyata, wanda ke cin lokaci da miliyoyin daloli. Kamfanoni da dama sun gwada sun janye.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne Advair na kamfanin GSK. Haƙƙin mallakar haɗin maganin ya ƙare a Amurka a 2010, na kwanon kuma a 2016, amma sai a watan Janairun 2019 ne FDA ta amince da takwaransa na farko mai araha, na kamfanin Mylan. Na Symbicort kuwa sai a 2022.

A 2012 majalisar dokokin Amurka ta kafa wata doka da ake kira GDUFA, wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke yin magunguna masu araha biyan wasu kuɗaɗe ga hukumar. An sabunta dokar a 2017 da 2022. Daga cikin waɗannan kuɗaɗe ne hukumar ta riƙa ba jami'o'i da kamfanoni tallafin bincike kan kwaikwayon iska a huhu.

Fatan shi ne idan lissafin ya kai matsayin da za a amince da shi, zai iya maye gurbin wani ɓangare na gwajin da ake yi a kan mutane. Tun daga 2019 hukumar ta fara nuna a wasu ƙa'idojinta cewa za ta iya duba irin waɗannan hujjoji.

A Turai ma an yi wani shiri mai suna SimInhale daga 2015 zuwa 2019, da kuɗin Tarayyar Turai, wanda ya haɗa injiniyoyi da masana haɗa magunguna da likitoci na ƙasashe da dama.

Huhun wa ake kwaikwaya?

Wannan ita ce tambayar da ta shafi mutumin Kusada kai tsaye.

Manhaja ba ta sanin abin da ba a nuna mata ba. Idan hotunan da aka koyar da ita na manyan mutane ne a asibitocin Amurka da Turai, amsarta za ta fi dacewa da su. Huhun da ya sha hayaƙin murhu shekara talatin, ko wanda tarin fuka ya bar wa tabo, ko na yaron da tamowa ta hana girma, siffarsa da ƙarfinsa daban ne.

An taɓa ganin irin wannan a wata na'urar. A watan Disamban 2020 likitocin jami'ar Michigan sun nuna cewa ɗan matsen da ake maƙala wa yatsa domin auna iskar oksijin a jini yana kuskuren gano ƙarancinta a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. An yi shekaru ana amfani da shi a asibitocin duniya kafin batun ya ja hankali.

Sai kuma yanayi. Inhela iri biyu ne: mai fesawa da kuma mai gari, wanda ƙarfin numfashin majinyaci ne ke tayar da maganin. Mai garin ba ya shiri da danshi, domin garin kan dunƙule, alhali watan Agusta a Katsina watan marka ne. Haka kuma yaro ƙarami ko tsohon da numfashinsa ya yi rauni ba lallai ne ya iya jan sa da ƙarfin da ake buƙata ba.

Takardar da ke cikin kwalin Ventolin ta ce a ajiye shi a ƙasa da digiri 30 na ma'aunin zafi. A watan Afrilu zafin yankin Kankiya kan haura digiri 40, kuma ba kowane kyamis ne ke da firji ko tsayayyiyar wuta ba.

Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya shigarwa cikin lissafi. Abin da ke hana hakan ba gazawar kimiyya ba ce. Wanda ya biya kuɗin bincike shi ne ke zaɓen tambayar da za a amsa, kuma hukumar Amurka domin kasuwar Amurka take aiki.

Asusun cikin gida

A Najeriya babbar ƙofar kuɗin bincike ga malaman jami'a ita ce asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ETF na 1993. Kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni yake fitowa, wanda ya fara da kashi 2 cikin ɗari, ya kai kashi 3 a 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu harajin. Asusun yana da wani sashe na musamman da malamai ke takarar neman tallafin bincike a cikinsa.

A ɓangaren ƙirƙirarriyar basira, hukumar NITDA ta buɗe cibiyarta ta ƙasa a Abuja a 2020, sannan a 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta sanar da tallafin naira miliyan biyar-biyar ga masu bincike da ƙananan kamfanoni 45.

Naira miliyan biyar za ta sayi kwamfuta mai kyau, amma ba za ta ɗauki nauyin hotunan CT na majinyata masu yawa, da injin ba da wuta, da albashin ɗalibai na shekaru uku ba.

Shugabannin Afirka sun sha alƙawarta ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasashensu ga bincike, alƙawarin da Tarayyar Afirka ta jaddada a 2007. Najeriya ba ta kai ko kusa ba.

Ba wai babu inda za a yi aikin ba ne. Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, tana da babban asibiti da makarantar koyar da fasahar kiwon lafiya. A Dutsinma da ke maƙwabtaka akwai jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, a birnin Katsina akwai jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da asibitin koyarwa na tarayya, sannan jami'o'in Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna da tsangayoyin injiniya da na haɗa magunguna.

Wahalar irin wannan bincike ita ce ba na sashe ɗaya ba ne. Sai injiniya da likitan ƙirji da masanin magunguna da masanin kwamfuta sun zauna a kan takarda ɗaya, kuma tsarin jami'o'in ƙasar ya fi saba wa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Darasin gorar roba

Akwai masu ganin cewa maganar kwamfuta ta yi wa ƙauyukan Katsina nisa, tun da matsalar farko ita ce samun kwanon kansa. Suna da hujja.

A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, ya koma sayarwa ta hannun dillalai. Wannan ya zo daidai da faɗuwar darajar naira, kuma farashin Ventolin da Seretide ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. A watan Yunin 2024 shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan wani umarni na cire haraji daga kayayyakin haɗa magunguna domin ƙarfafa masana'antun cikin gida.

Sannan tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar dogaro da salbutamol shi kaɗai ga manya da matasa, domin yana buɗe ƙirji ne kawai, ba ya kwantar da kumburin da ke haddasa ciwon. Magungunan da ke kwantar da kumburin su ne suka fi tsada, kuma su ne suka fi wahalar kwaikwaya.

A nan ne hujjar masu sukar ta juya ta zama hujjar binciken: duk abin da ya rage kuɗin tabbatar da ingancin inhela mai araha zai ƙara yawan kamfanonin da ke yin sa, ciki har da na Indiya irin su Cipla, waɗanda kasuwannin Afirka suka dogara da su.

Binciken da ya fi amfanar talaka a wannan fanni kuwa bai ci kuɗi masu yawa ba. A 1999 likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun wallafa a mujallar Lancet cewa gorar roba ta lemo mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta aka cusa bakin inhela, tana aiki daidai da mazubin da kamfanoni ke sayarwa domin yara.

Sirrin gorar shi ne tana rage gudun feshin, manyan ƙwayoyi su manne a jikinta maimakon maƙogwaron yaro, ƙananan kuma su tsaya a iska har ya shaƙe su a hankali, ba tare da sai ya daidaita dannawa da numfashi ba. Gwajin ya haɗa da kofin roba mai laushi, wanda aka gano bai kai gorar ba, musamman ga yaran da ƙirjinsu ya toshe sosai.